Ziyarar Da Muka Kai Haworth, Ƙauyen 'Yan Gidan Bronte

 A wannan wata za mu ba ku labarin ziyarar da muka kai wani ƙauye da ke arewacin Ingila mai suna Haworth, wanda mutanen wurin ke furtawa kamar Hawas. Mafarin tafiyar kuwa wata 'yar ƙanenmu ce a nan Kumasi. A 2023 tana shirin zama jarrabawar WAEC ta kammala sakandare, cikin littattafan adabin Turanci da aka ɗora wa ɗalibai daga 2021 zuwa 2025 kuwa akwai wani mai suna Wuthering Heights, na Emily Bronte. Yarinyar nan ta sha fama da shi. Wata rana da dare ta yar da shi a tabarma ta ce mana, "Baba, wace irin ƙasa ce wannan, kullum iska, kullum sanyi, mutanenta ba mai yi wa wani dariya? Mu ina ruwanmu da su?" Ba mu da amsar ba ta a lokacin. Jarrabawa ta zo ta wuce, amma tambayar ba ta bar mu ba. To, da tafiya ta kama mu zuwa Ingila a watan Agusta na 2024, muka sauka wajen wani ɗan uwa a birnin Bradford, sai muka ji ashe garin mai littafin bai fi tafiyar awa guda daga nan ba. Muka ce ai gani ya kori ji.

Ranar Asabar da misalin ƙarfe tara na safe muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin Keighley, daga nan muka sake wani jirgin, tsoho, mai aiki da kwal, yana tafe yana tuƙa hayaƙi yana kuwwa. An buɗe wannan hanyar jirgi a 1867 saboda masaƙun ulu da ke cikin kwarin, aka rufe ta a 1962, sa'an nan 'yan sa kai suka farfaɗo da ita a 1968. Mutanen da muka zo dominsu ba su taɓa hawansa ba, domin duk sun rasu kafin a shimfiɗa shi. Su a zamaninsu da ƙafa suke taka mil huɗun nan da ke tsakanin Haworth da Keighley.

Daga tasha sai hawa. Babban titin garin daɓen duwatsu ne, a miƙe yake zuwa bisa kamar ana hawan tsani, gidajen da ke gefensa kuma na dutse ne wanda hayaƙin masaƙu ya mayar baƙi tun da daɗewa. Sau biyu muka tsaya muna haki, tsofaffin Turawa mata suna wuce mu da sandunansu. A can ƙarshen hawan akwai mashaya mai suna Black Bull, bayanta coci, bayan cocin makabarta, a bakin makabartar kuma gidan limamin cocin. Bayan gidan ba komai sai daji.

Mai gidan, Patrick Bronte, ɗan talakawa ne daga ƙasar Ailan, an haife shi a 1777. Da ƙoƙarin kansa ya yi karatu har ya shiga Jami'ar Cambridge, ya zama limamin coci. A 1820 ya tare a wannan gida da matarsa Maria da 'ya'yansu shida: Maria, Elizabeth, Charlotte, Branwell wanda shi kaɗai ne namiji, Emily, da autarsu Anne tana jaririya. Shekara guda da 'yan watanni bayan tarewarsu uwar ta rasu, 'yar uwarta ta zo daga kudancin Ingila ta riƙe yaran har ƙarshen ranta.

Kafin mu shiga gidan sai da muka ratsa makabartar. Duwatsun kaburbura ne a kwance a jere, wani a gefen wani, har ba ka samun wurin sa ƙafa. Muka tsaya muna karanta su, sai ka ga dutse ɗaya da sunayen yara biyar ko shida na gida ɗaya, wannan wata tara, wancan shekara biyu. Dalilin haka a rubuce yake. A 1849 Patrick Bronte da wasu mutanen gari suka kai kuka ga hukumar lafiya ta ƙasa, aka aiko wani jami'i mai suna Benjamin Babbage a 1850 ya duba garin. Ya tarar da mutane wajen 2,500 suna amfani da masai 69 kacal, ba magudanar ƙazanta, ruwan da ke tsiyayowa daga makabarta kuma yana gangarawa cikin gari. Ya ƙirga gawa 1,344 da aka binne a nan cikin shekara goma. Cikin yara ɗari da aka haifa, fiye da 41 ba sa kai shekara shida, in kuma aka haɗa shekarun matattu aka raba, kowa bai kai shekara 26 ba. Duk wanda ya taɓa bin layi da asuba a bakin masan unguwa, ko ya tsallake kwata da damina, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ingilar da ta mallaki babban yanki na duniya ke nan a wancan zamani. Tagogin gidan limamin kuwa makabartar suke fuskanta, wato yaran nan sun tashi suna kallon jana'iza ta taga.

Gidan ya zama gidan tarihi tun 1928. Ba shi da girma. Da ka shiga, a hannun dama akwai ɗakin karatun uban, a hagu kuma ɗakin cin abinci, inda aka rubuta mafi yawan littattafan. Teburin da suka yi aiki a kai yana nan, da tabon tawada a jikinsa. An sayar da shi bayan rasuwar uban, sai a 2015 aka sayo shi kan fam 580,000 aka mai da shi wurinsa. Al'adarsu ita ce da dare, in uba ya shiga barci, sai 'yan matan uku su riƙa zagaya teburin nan suna karanta wa juna abin da kowa ta rubuta, suna gyara wa juna.

Abin da ya fi tsayar da mu yana sama, cikin akwatin gilashi. Wasu 'yan littattafai ne da ba su fi kwalin ashana ba, an ɗinke su da zare, bangon wasu na takardar ƙunshin sukari ne. Rubutun ciki ƙanana ne ƙwarai, sai ka kusa manna ido. Yaran ne suka yi su. Ɗaya daga ciki, wanda Charlotte ta rubuta a 1830 tana da shekara 14, shafi 20 ne da kalmomi fiye da 4,000, gidan tarihin ya saye shi wajen gwanjo a birnin Paris a 2019 kan Yuro 780,000. Muka tambayi wata ma'aikaciyar wurin ko labarin me ke ciki. Ta dube mu ta tambaye mu daga ina muke, muka ce daga Gana. Ta yi murmushi ta ce to ai labarin ƙasarku ne.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 1826 uban ya dawo daga birnin Leeds da tsarabar sojojin katako goma sha biyu don Branwell. Kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya raɗa masa suna, Charlotte ta sa wa nata Wellington, wato babban janar ɗin Ingila da ya ci Napoleon da yaƙi. Daga nan suka shiga ƙaga labari: wai sojojin nan goma sha biyu sun shiga jirgin ruwa, suka sauka a gaɓar Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Tonawa, wato Asante, suka ci su, suka gina wani babban birni mai suna Birnin Gilashi a inda kogin Kwara ke shiga teku, suka raba ƙasar a tsakaninsu. Branwell har taswira ya zana, kowa da yankinsa da launinsa. Cikin labarin akwai Quashia Quamina, ɗan sarkin Tonawa da aka kashe, wanda Wellington ya ɗauka ya rena, da ya girma kuma ya yi musu tawaye. Daga baya Charlotte da Branwell suka ƙara wata daula a gabashin birnin suka kira ta Angria, suka yi ta rubuta labarinta har suka zama manya. Emily da Anne kuwa suka ware suka ƙagi tasu ƙasar, wani tsibiri mai suna Gondal.

Ina yaran ƙauye suka san Tonawa da Kwara? Daga jarida da mujalla. Uban bai hana su karanta komai ba, wani maƙwabci kuma yana ba su aron wata mujalla mai suna Blackwood's. A 1824 Tonawa suka kashe Gwamna Charles MacCarthy a yaƙin Nsamankow, a 1826 kuma Turawa da abokansu suka rama a Katamanso kusa da Dodowa, labarin duk ya cika jaridun Ingila. A cikin 1824 ɗin nan ne kuma Hugh Clapperton ya shiga Kano ya wuce Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littafin tafiyarsu shi da Denham ya fito a 1826, mujallar nan kuma ta yi sharhinsa a fitowar watan Yuni, watan da aka kawo sojojin katako, tare da taswirar wani mutum mai suna James MacQueen. Shi wannan bai taka Afirka ba sa'ad da ya zana ta. Wani ɓangare na iliminsa daga bakin bayi 'yan Afirka ya same shi, a wata gonar rake da ya yi wa wakilci a tsibirin Grenada. Ya dage cewa Kwara a tekun kudu take ƙarewa, 'yan uwan nan biyu Richard da John Lander kuma suka tabbatar da haka a 1830. Masana sun nuna taswirar Branwell ta ɗauko daga wannan.

Mun daɗe a tsaye gaban akwatin nan, zuciyarmu biyu. Abin sha'awa ne yara marayu su yi irin wannan aiki ba wanda ya sa su. Amma kuma a daidai shekarun da suke raba ƙasar a takarda, kakanninmu fatake suna kan hanya daga Kano da Katsina zuwa Gwanja da jakunansu, suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro a Salaga, ba su san akwai wasu yara a bayan teku da suka mai da ƙasar abin wasa ba. Wasan kuwa bai tsaya a takarda ba. A 1874 sojojin Ingila na gaske suka ƙone Kumasi, a 1903 suka ci Kano da Sakkwato. Ba mu ɗora wa yaran laifi ba, abin da manya ke faɗi a gabansu shi suka kwaikwaya. Afirkar tasu ma ba Afirka ba ce: fadoji ne da majalisa da masaƙu da 'yan mata Turawa, baƙar fata kuwa sai dai in yaƙi ya tashi a gan shi.

Abin lura shi ne, duk wannan tarin rubutu na shekaru goma sha wani abu ba shi ya fid da su ba. A ciki suka koyi sana'ar, kamar yadda ɗan koyo ke ɓata ƙyalle kafin ya iya ɗinki. Wajen 1839 Charlotte ta rubuta wata 'yar takarda ta ban kwana da Angria, ta juyo ga abin da ta sani. Abin da ta sani kuwa mai ɗaci ne. A 1824 an kai ta ita da 'yan uwanta uku wata makarantar kwana ta 'ya'yan limaman coci marasa ƙarfi a Cowan Bridge, inda abinci ba kyau, sanyi kuma ya yi yawa. Yayyenta biyu suka kamu da tarin fuka, aka mai da su gida suka rasu a 1825, Maria tana da shekara 11, Elizabeth tana da 10. Wannan makaranta ita ce ta koma Lowood a littafin Jane Eyre, yarinyar nan mai haƙuri Helen Burns da ta mutu a ciki kuwa hoton Maria ce. Zaman da Charlotte ta yi a birnin Brussels na Beljiyam daga 1842, tana koyon Faransanci tana koyarwa, shi ya haifi littafin Villette.

Haka ma Anne. Aikin da 'yar limami marar dukiya za ta iya samu a lokacin shi ne ta zauna gidan attajirai tana koyar da 'ya'yansu, ita ba baiwa ba, ita ba 'yar gida ba. Anne ta yi wajen shekara shida tana wannan aiki, ta zuba wulaƙancin da ta gani cikin Agnes Grey. Ɗan uwansu Branwell, wanda aka ɗora wa buri duka, an sallame shi daga aikin jirgin ƙasa, an sallame shi daga aikin koyarwa, ya dawo gida ya faɗa shan barasa da wani maganin sa maye, mashayar nan ta Black Bull ta zama wurin zamansa. Anne ta ga wannan da idonta, ta rubuta The Tenant of Wildfell Hall, labarin matar da ta gudu da ɗanta daga gidan miji mashayi ta riƙa ci da kanta da sana'ar zane, a zamanin da dokar Ingila ta ba miji iko da dukiyar matarsa da 'ya'yanta. Littafin ya tayar da ƙura ƙwarai.

Fitowarsu ba ta zo da sauƙi ba. Tun tana da shekara 20 Charlotte ta aika wa Robert Southey, mawaƙin fadar Ingila, waƙoƙinta, ya amsa mata a 1837 cewa rubutu ba sana'ar mace ba ce. Saboda irin wannan ne da suka tashi buga littafin waƙoƙinsu a 1846, da kuɗin aljihunsu, suka ɓoye a bayan sunayen Currer, Ellis da Acton Bell, don kada a gane mata ne. Kwafi biyu rak aka saya cikin shekara guda. Littafin labari na farko da Charlotte ta rubuta, The Professor, maɗaba'u suka yi ta mayar mata da shi. Ba ta daina ba. A watan Oktoba na 1847 Jane Eyre ya fito ya karɓu nan da nan, a Disamba kuma Wuthering Heights da Agnes Grey suka biyo baya. Da aka fara raɗe-raɗin wai mutum ɗaya ne ke rubuta su duka, sai Charlotte da Anne suka taka zuwa Keighley cikin ruwan sama a watan Yuli na 1848, suka kwana a jirgi zuwa Landan, suka tsaya gaban mai maɗaba'ar don ya gani da idonsa.

Daɗin bai daɗe ba. Branwell ya rasu a Satumba na 1848 yana da shekara 31. Emily ta bi shi a Disamba tana da 30, tarin fuka ne, ta kuma ƙi yarda a kira likita sai ranar ƙarshe. Doguwar kujerar da aka ce a kanta ta cika tana nan a ɗakin cin abinci. Anne ta rasu a Mayu na 1849 tana da 29, a garin Scarborough na bakin teku, can aka binne ta. Mutum uku cikin wata takwas. Masu aikin gidan sun ba da labarin yadda suke jin takun Charlotte da dare tana zagaya teburin ita kaɗai. Ta yi aure a 1854, ta rasu a Maris na 1855 da juna biyu, tana da shekara 38. Uban ya binne matarsa, ya ga bayan 'ya'yansa shida, ya rasu a 1861 yana da shekara 84.

Da azahar muka fita ta bayan gidan muka kama hanyar daji, zuwa wani kangon gidan gona mai suna Top Withens, tafiyar wajen mil uku da rabi. Dajin ba irin namu ba ne. Tuddai ne a shimfiɗe har iyakar gani, ba itatuwa, sai wata gajeriyar ciyawa mai fure shuɗi-shuɗi da ja-ja, da tumaki, da katangun duwatsu. Allunan nuna hanya da Turanci da Japananci aka rubuta su, saboda yawan baƙin da ke zuwa daga Japan. Muna cikin tafiya rana na haske, sai gari ya rufe, iska ta taso da yayyafi mai sanyi kamar ana watsa tsakuwa, a watan da su ke kira bazara. Ba wurin fakewa. Muka isa kangon a jiƙe. A jikin bangonsa akwai allon da aka kafa a 1964, yana bayyana cewa ginin bai yi kama da gidan da ke cikin littafin Emily ba, sai dai mai yiwuwa wurin ne ta riƙa tunawa.

Muna rakuɓe a gindin bangon nan muka fahimci abin da ya dami 'yarmu. Emily ba ta ƙagi iskar ba, ba ta kuma ƙagi halin mutanen ba. Wanda ya zauna a irin wannan wuri, maƙwabcinsa na kusa yana mil biyu, gaba da ƙauna duk sai su yi masa tsanani, ƙullin gado da gona kuma ya bi jikoki. Labarin Heathcliff ma, yaron da aka tsinto a titin Liverpool, mai duhun fata, ba a san asalinsa ba, aka rene shi a gida aka kuma wulaƙanta shi har ya girma ya ɗauki fansa, ya tuna mana da Quashia. Liverpool kuwa ita ce babbar tashar jiragen cinikin bayi ta Ingila a zamanin da labarin ya faru. Emily ba ta faɗi ko shi wane ne ba. Amma a wannan karon baƙon yana tsakiyar gida, shi ne kuma ƙashin bayan labarin.

Da muka dawo Kumasi muka kira 'yar tamu, muka ba ta tsarabar wani littafin rubutu da muka saya a kantin gidan tarihin, muka kwashe labarin nan duka muka gaya mata. Muka ce mata ruwanmu da su tsoho ne, domin su suka fara sa mu cikin labarinsu tun ba su san mu ba, kuma abin da suka rubuta a kanmu masana kaɗai ke karanta shi yau, wanda suka rubuta a kan makarantarsu da ɗan uwansu da dajin bayan gidansu kuwa ga shi ya iso har tabarmarta. Muka ce ita ma tana da zango, da kakarta mai sayar da koko da ƙosai, da layin famfo, da labarin yadda kakan kakanta ya zo da jakuna bai koma ba. Ta juya littafin ta ce, "To Baba, in na rubuta wa zai karanta?" Muka ce mata 'yan Bronte ma da mutum biyu suka fara, mu kuwa a gidan nan mun fi biyu.

Wanda duk hanya ta kai shi arewacin Ingila, ya daure ya leƙa Haworth, amma ya tafi da rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi ko da ya ga rana ta fito.